Barakatu, Wadda Biri Ya Sha Wa Miya

In ka hau ɗan garin nan da tsoron mahara ya kai kan dutse, yamma da Kafur, ka tambayi inda ake cin abinci, sai a ce, "Je wurin Barakatu, wadda biri ya sha wa miya." Wai bara ta juya za ta kwashe tuwo, wani ƙaton biri ya diro ya share tukunyar miyar tas.

Ga ta nan gindin tsamiya, 'yar gajera, da zanen saƙi, tana tuƙa tuwo tana harare-harare. Ƙafafunta duk faso. Ina jin ruwan da muke sha ma ita ke hawowa da shi daga rafi. Amma wasu fatake marasa kunya, jakunansu maƙare da gishiri, sun cika ciki suna yaɗa wai miyarta lami ce! Ai haka ake kashe wa mace kasuwa.

Madugunsu ya ɗaga murya: "Inna, yau baƙon naki mai wutsiya bai zo ba?"

Ta buga muciya a bakin tukunya. "Ina ma ya zo, Malam! Shi ya sha ya lashe hannu, bai ce gishiri bai ji ba."