Surajo Tsakanin Bel da Sarƙa

Ana ta yaɗawa a Batsari wai Surajo ya auro aljana daga dajin Runka, ya ajiye ta a gareji, ita ke ɗaga masa ƙyaure in ya dawo. Wata tsohuwa har rantsuwa ta yi ta ga ƙafarta, kofato ne irin na jaki. To ni Sahabi taubashinsa ne, uwarsa Gwaggo Hansai ƙanwar babana ce, bari in wanke shi: babu aljanar da za ta iya zama da Surajo. Wani ɗan inji ne da bai fi tukunyar miya ba, da batirin sola, da rimot a aljihunsa.

Tun muna yara a Wagini mutumin nan ba ya zama wuri ɗaya. Tuwo ma a tafe yake ci. Ya yi acaba har sai da babur ya nemi gafara, sannan ya sayi a-kori-kura yana jigilar wake da gero da mutane tsakanin Safana da Runka da Yasore. Da ƙauye ya ƙi zaunuwa, ya kwaso Gwaggo suka dawo cikin gari.

Hanyar nan kowa ya san halinta yanzu. Direba ba ya son a san yaushe ya fita, yaushe ya dawo, don cikin masu yi maka a sauka lafiya akwai mai buga wa 'yan daji waya. An taɓa tare wani abokinsa, kuma waɗanda suka tare shi sun san lokacin da ya bar gida. Tun daga ranar Surajo ya tsani tsayawa ƙofar gareji yana kokawa da kwaɗo, mota a kunne, ana ta "sannu da hanya, me aka samo?" Da ya ga injin nan gidan wani alhaji a Katsina, bai huta ba sai da ya samo na hannu.

Sai Sharfaddeen mai walda ya yi masa tambaya guda: da me injin zai ja ƙyauren, bel ko sarƙa?

Nan ɗan Gwaggo ya rikice. Sarƙa ba ta tsinkewa, amma in ta motsa sai ka ce ana jan kwanon rufi bisa dutse, unguwa duk ta ji. Bel kuwa shiru kamar kyanwa, sai dai roba ce, zafin Batsari kuma ba ya raga wa roba. Da safe ya ce sarƙa, kafin azahar ya dawo ya ce a fasa. Ya tambayi mai injin niƙa, ya tambayi masu gyaran babur, ya tambayi liman. Liman ya ce shi dai bai kai wannan babin ba.

"Surajo, ka zaɓa ko ka kwashe tarkacenka," in ji Sharfaddeen. "Ka cinye mini ƙasar shago da zarya."

"Sa bel. A'a, tsaya. Kai, sa bel ɗin."

Bel ya yi aiki, wallahi. Ya shige ya fice, kajin gidan ma ba su sani ba. Ni kuwa daɗi ya ishe ni, abin alfahari a dangi ai ba a ɓoye shi. Duk teburin mai shayin da na zauna sai na ce, "Ku zo bayan la'asar, lokacin yake dawowa, ku ga ikon Allah."

Ana nan sai Gwaggo ta shiga gareji ɗibar gero, ta ɗaga kai ta ga bel ya yi furu-furu. A wurinta duk abin da ya bushe, guga ne ko takalmi ko ƙafar jika, maganinsa man shanu. Ta jawo turmi ta hau, ta shafe shi tas. Gareji cike da buhuna, ɓerayen ciki kuma kowane ya kai ɗan akuya. Suka bar gero suka hau sama walima.

Ranar kasuwa Surajo ya dawo, mota shaƙe da kaya. Ya danna rimot. Ƙyaure ya taso zuwa ƙugu, ya yi ɗan tunani, sai fat! Bel ya tsinke, ƙyaure ya faɗo garam. Ga jama'ar da na gayyato sun cika layi. Mu muna dariya, shi yana zagaya mota yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya, don akwai waɗanda bai taɓa gani ba. Ya bi ta cikin gida ya cicciɓi ƙyauren da kafaɗa.

Gwaggo ta leƙo. "Yo ni taimako na yi, ɗan nan. Abu ya bushe kamar dugadugin makiyayi, sai in zuba mishi ido?"

Washegari bai fita aiki ba. Da ya koma, ya sauya lokacin fita, ya sauya hanya, ni ma bai gaya mini ba. Na iske shi shagon Sharfaddeen yana zarya, ana auna sarƙa.

Na ce, "Ɗan Gwaggo, an koma ƙarfe ke nan? Ladan ya huta, kai za ka riƙa tashin gari."

Bai ko tsaya ba, ya ce, "Sahabi, ƙarar sarƙa iyakarta layinmu. Bakinka kuwa har Runka ake jin sa. Da Sharfaddeen na waldar baki, da kai zan fara kawo masa."