Taken da Ba Mai Amsawa

Jiya maƙwabcina ya jiƙa fatar akuya a kwatarniya, warin ya tsallako katanga ya same ni ina alwala. Mutane na toshe hanci don wannan wari. Ni kuwa sai na ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, zaune gindin gawo a bakin tabkin Madarumfa, yana ɗaure gangar noma da haƙoransa da yatsun ƙafa.

Allah bai bar masa ɗa namiji ba, shi ya sa ya roƙi mahaifina ya ba shi ni, ina ɗan shekara tara. Mutum ne mai faɗa, ga rowar yabo. Damina biyu ban taɓa gangar ba, galma ya ba ni, wai wanda bayansa bai taɓa ciwo a kunyar gona ba, ba ya yi wa manomi kiɗa. Na tsane shi a lokacin, ba zan ɓoye muku ba.

Ku da kuka taso yanzu ba ku san gayya ba. Maza talatin a gonar mutum ɗaya, ƙasa jiƙe, gero iya gwiwa, mata na tafe da ƙoren fura. Kowane manomi yana da takensa, wato 'yan kalmomin da ganga ke faɗa dominsa shi kaɗai. Na mahaifina cewa yake, "Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba." Da an buga, sai ka ji ya yi kuwwa ya tsere wa sa'o'insa. Kawu ya zuba mini waɗannan take a kai gida-gida, tun daga bakin kasuwa har unguwar masunta.

Sai ranar da ya fara sakar mini ganga a gayya ta zo. Na hangi wani dogo a gaba, na buga masa take da ƙarfina. Ashe na wansa ne, wanda ciwon ciki ya kashe daminar da ta wuce. Mutumin ya tsaya cak. Ya waiwaya kamar zai ga wan nasa a bayansa, sannan ya yar da galma ya durƙusa tsakanin kunyoyin gero yana kuka. Gayya ta mutu a nan, fura ma ba a sha ba.

Na jira mari, bai zo ba. Sai da muka kusa gida kawu ya ce, "Ɗan nan, wa ka kira?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba da cewa:

"Take ba kiɗi ba ne, kira ne. Kada ka ƙara kiran wanda ba shi amsawa. In mutum ya tahi, takenai ya kwanta, sai in ɗanai ya ɗauki galma ya shiga gayya."

Ban ƙara ba. Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe kiɗan kansa.

Sai shekarun fari suka zo. Gyaɗa ta ƙi, gero ya bushe tsaye, tabki ya ja baya ya bar taɓo. Maza suka bi hanyar Jibiya da Katsina, wasu ba su dawo ba. Dabbobi na mutuwa, fata ta yi yawa har ba mai so, amma ba wanda za a yi wa kiɗa. Kawu ya rasu a shekara ta biyu, gangarsa na rataye. Da ruwa ya dawo, gayya ba ta dawo da ƙarfinta ba. 'Ya'yan ba su karɓi taken iyayensu ba, kowa da garmar shanunsa ko 'yan ƙwadagonsa. Kowace shekara ina kwantar da take biyu, uku, har da na mahaifina.

Da Sallar da ta wuce jikana ya zo daga Maraɗi, ya kafa mini salula a gaba.

"Kaka, buga mini su duka in ɗauka, kada su ɓace."

Gaskiya ya faɗa, na kuma san in na tafi sun tafi. Na sauko da gangar, na kaɗe ƙura, na rataya. Na bi garin a zuciyata kamar yadda kawu ya koya mini, daga bakin kasuwa har unguwar masunta, ina neman mutum ɗaya mai rai da zan fara da shi. Na ƙarshensu shi ne dogon nan da na sa kuka, kuma mun kai shi makwancinsa bara.

Yaron ya ce, "Kaka, tana ɗauka fa."

Na ce masa ya kashe.