Wasiƙar Baffana na Yendi

Mahaifina ya rasu ba a binsa ko sisi. Ranar jana'iza a Salaga liman ya yi shela har sau uku, ko akwai mai bin mamaci bashi, babu wanda ya motsa. Mma, mahaifiyata, ta fi jin daɗin wannan a kan duk ta'aziyyar da aka yi mata. Ni ma na ji daɗi a lokacin.

Abin da ya bar mana rumfa ce guda a kasuwa, ta sabulu da sukari da ashana da madarar gwangwani. Sai dai jinyarsa ta cinye kayan tas, katakai kawai suka rage. Ni ce babba, aurena ya mutu, ina gida da yara biyu. Dokar kasuwarmu kuwa, rumfar da ta zauna a rufe har kakar doya ta wuce, sarkin kasuwa zai ba wani. Ya aiko ya faɗa mana cikin mutunci, amma dai ya faɗa.

A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ɗin nan akwai wani kamfanin sari mai babban sito a Bawku, yana ba 'yan kasuwa wani kati ruwan ɗorawa. Mai kati yakan ɗauki kaya bai biya ba, ya sayar, ya kai kuɗi ƙarshen wata. In ya biya a kan lokaci, sai su mayar masa da ɗan wani abu a kan kowane kwali. Maƙwabcin rumfarmu yana da shi. Mutumin nan kuwa, wallahi, babu wanda bai ci bashinsa ba a Salaga, har mai koko. Yakan biya dai, bayan an sha sintiri. Mahaifina in ya hango shi kawar da kai yake yi. Na ce a raina, in wannan ya samu, ai ni da gudu za su ba ni.

Na sayar da 'yan kunnena na zinariya na hau mota. Bimbilla, Yendi, Nalerigu, kwana biyu muna kan hanya, ƙafafuna sun kumbura kamar doya. Akawun siton wani siririn mutum ne mai tabarau, Hausarsa irin ta kasuwar Bawku. Ya ɗauki biro ya tambaye ni wa ya taɓa ba ni kaya bashi na biya. Na gyara zama, na ɗaga kai, na ce masa mu a gidanmu ba a cin bashi, ubana ya shekara talatin a kasuwa bai taɓa ɗaukar ko ashana ba sai da kuɗi a hannu. Ina jira ya yaba, sai na ga ya ajiye biron.

Ya ce kamfani ba ya sanin mutum sai ta bakin wanda ya taɓa binsa kuɗi aka biya shi. In kawo wasiƙa daga wani sanannen ɗan kasuwa da zai shaida haka. Raina ya ɓaci, na ce, "To wanda bai taɓa ci ba fa, ta ina zai fara?" Ya ce shi dai abin da aka rubuta masa ke nan, ya kira na bayana.

A hanyar komawa na sauka a Yendi. Baffana, ƙanen mahaifina, yana da kanti babba a can, kowa ya san shi. Na riga na tsara komai a cikin mota: ya ba ni kwali biyu na sabulu bashi, in sayar, in kawo masa kuɗi bayan mako uku, ya rubuta mini wasiƙa. Na zayyana masa dalla-dalla. Yana ji, idonsa ya cika da hawaye.

"Yayana bai yi wata uku a ƙasa ba," in ji shi, "a ce na sa sunan 'yarsa a littafin bashi? Me mutanen zango za su ce da ni? Ɗauki sabulu, 'yata, na ba ki."

Na ce Baffa ba kyauta nake so ba, bashin shi ne amfanin. Na maimaita har sau nawa, har muryata ta fara tashi, matarsa ta leƙo ta harare ni. Shi a ganinsa kunya nake ji, irin ta ubana. Na koma Salaga da kwalayen, na bi gida-gida na sayar, na ƙulle kuɗin a gefen zani na dawo Yendi. Ya ƙi taɓa su. Na ajiye a kan teburinsa, matarsa ta biyo ni har tasha ta cusa mini a jaka. Haushi kamar in fashe, amma yaya za ki yi da dattijon da ke yi miki alheri?

Wasiƙar dai ya yarda. Ya kira mai buga takardu na bakin gidan waya, ya faɗa masa abin da zai sa, aka buga da Turanci, ya danna hatimin kantinsa, aka liƙe ambulan. Ni karatun allo kawai na yi. Na so in ba wani ya karanta mini, sai na ji tsoron kada a ce na buɗe takardar mutane. Na sa ta cikin leda na ɗaure a ƙirjina.

Kuɗin sabulun nan su suka kai ni Bawku karo na biyu. Akawun ya gane ni. Ya yage ambulan ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya tambaya ko na san abin da ke ciki. Na ce shaida ce. Sai ya fassara mini a hankali:

"Wannan 'yar yayana ce, daga gidan mutunci ta fito. Na shaida a gaban Allah ba ta taɓa cin bashina ba, ita ko ubanta, kuma ban taɓa jin ta ci na kowa ba."

Ba mugun mutum ba ne akawun. Ya ninke takardar ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri. Na fita na zauna a kan dakali kusa da buhunan albasa na yi kuka, ba kunyar kowa. Abin da ya fi ci mini rai, babu wanda zan zaga. Baffa mafi kyawun abin da ya sani game da mu ya rubuta.

Doya ta zo ta wuce. Sarkin kasuwa ya ba maƙwabcinmu rumfar, ya cire katakon da ke tsakani ya haɗe su, ya cika da kayan kamfani har rufi. Ni na koma suyar ƙosai a ƙofar gida, kuma shi na yi ta yi har yarana suka girma. Ban sake neman katin kowa ba.

Da na dawo daga Bawku na jefar da wasiƙar a kan gado. Mma ta tsince ta, ta kai wa malamin makarantar boko na layinmu ya karanta mata. Ta dawo fuskarta a sake, ta ce in bar mata. Ta ajiye ta a ƙasan kwallarta tare da zannuwan Sallah. Har ta rasu, duk baƙon da ya zo gaisuwa mai iya Turanci, sai ta ɗauko ta ce ya karanta da ƙarfi kowa ya ji irin gidanmu. Ni kuma ina waje a bakin kasko, ina jin su.