Nao Leng da Rinar Ƙanen Matarsa

A ƙauyenmu na kan dutse, kowa ka tambaya zai ce maka Nao Leng bai taɓa ɗaga wa ɗan Adam murya ba. Ka taka masa ƙafa a kasuwa, shi zai riga ka ba da haƙuri. Da namun daji ne riƙonsa yake. Wani biri mai guntun kunne da ya taɓa shiga masa masara ya daɗe da mutuwa, amma har yau in Nao Leng ya bi ta gindin itacen da birin ke zama sai ya tofar da yawu. Beguwar da ta tone masa rogo kuwa, sai da ya bi ta har raminta ya gaya mata maganar da ba a maimaitawa gaban yara. Matarsa Sua takan ce ya manta shekarar da aka yi aurensu, amma ranar da jibda ta ɗauke masa jan zakara, zai gaya maka har inda iska take kaɗawa.

Babbar gabarsa a kakar bara ta tashi. Ruwa ya ɗauke ke nan. Hazo mai laima yana kwana a kwari, da safe ya hauro har bakin ƙofa, ka ji carar zakaran maƙwabci amma ba ka ga gidansa ba. Sai rana ta ɗaga sosai sannan ya yaye, shinkafar tudu ta bayyana a gangaren duwatsu ta nuna ta sunkuyar da kai. Da yamma sanyi ya sauko ya nemi gwiwar tsofaffi. Lokacin ne kowane abu mai rai yake haramar cika ciki: kurege na jidar 'ya'yan itace, aladen daji na leƙowa gefen gona, manyan rinar ƙasa masu jan kai, kowace kamar babban yatsa, suna yawon neman nama.

Nao Leng yana da amya uku a bayan ɗaki, kututturen itace da aka rarake aka toshe bakinsu da katako da kashin shanu. Ta tsakiyar gadon mahaifinsa ce, kuma a faɗarsa ƙudan zuman da ke ciki jikokin jikokin waɗanda tsohon ya ɗauko daga daji ne. Ranar da aka fara yankan shinkafa, gidan kaf aka tafi gona. Da suka dawo da yamma, sai suka tarar da ƙasa ta yi baƙi da gawar ƙudan zuma, kai daban jiki daban. Rina na shiga suna fitowa da 'ya'yan zuma a baki, ko gaggawa ba sa yi. Amya biyu sun tafi. Ta mahaifinsa kaɗai ta tsira, don ƙofarta ƙarama ce, ƙaton kan rina bai shiga ba.

Bai yi ihu ba. Ya zauna ya cika lofensa na gora, ya sha har ya ƙare, sannan ya gaya wa Sua cewa sabuwar shinkafa ba za ta taɓa bakinsa ba sai ranar da ya ci 'ya'yan rinar nan a soye. Sua ta ce to, tsohuwar masara tana nan, ai gara da ya rage mata.

Neman gidan rina ba wani abu ba ne da ba a sani ba. Ka soke fara a kan sanda, rina ta sauka ta duƙufa yanka, kai kuma ka zura mata zare a ƙugu da farin gashin kaza a jiki. Ta tashi da namanta, ka bi gashin da ido. Sai dai gashi fari ne, hazo ma fari. Rina ta tashi, ta yi taku biyu a sama, ta shige farin ta ɓace, Nao Leng ya bi ƙararta da kunne har ya faɗa rafi. Ya dawo gida a jiƙe, matsattsaku sun yi masa layi a ƙwauri. Washegari ya jira hazon ya yaye, sai iska ta taso ta yi gaba da rinar da gashin. Haka aka yi ta yi har Sua ta gaji, ta warware tufkar jan zare daga ɗinkin da take yi na bikin sabuwar shekara.

"Ungo, Baban Shong," ta ce masa, don da sunan ɗansu take kiransa. "Farar kazar nan saura kaɗan ta koma tsirara, ga sanyi."

Jan zaren bai ɓuya ba. Ya bi shi daga tudu zuwa tudu, in ya ɓace ya sake kafa fara ya ɗaura wa wata, har ya kai shi inda bai zata ba: tsohuwar gonarsa da ya bari ta huta. A ƙarƙashin saiwar wani babban itace ga rami, ga jar ƙasa an tara a bakinsa, rina na shige da fice. Zuciyarsa ta yi fari. Yana cikin lissafin busasshen goran da zai haɗa wuta, sai idonsa ya sauka a kan kara. An kafa shi kusa da ramin, an tsaga kansa, an cusa ƙullin ciyawa. Ƙullin ya karkata hagu, kuma bahago ɗaya ne a ƙauyen nan: Kia Tong, ƙanen Sua. A reshe sama da ramin har da hanjin kaza a rataye. Ciyar da su ma ake yi.

A wajenmu kara ba abin wasa ba ne. Gidan rina ko na zuma da aka sa wa kara ya yi mai shi, wanda ya taɓa ɓarawo ne, sai ya yanka alade ya ciyar da dattawa, sunan kuma ya bi shi har jikoki.

Ya samu Kia Tong a ƙofar gida yana wasa lauje.

"Mijin Yaya, wa ya mutu?"

"Zumata. Rinarka ce ta kashe."

Kia Tong ya yi jaje kamar gaske, sannan ya bayyana cewa tun damina ya gano gidan, lokacin bai fi dunƙulen hannu ba, kuma sai an gama kaka saƙar ta cika da 'ya'ya zai tone ya kai kasuwar birnin Phonsavan ya sayar, don rufin ɗakinsa na yoyo. "Bari su yi ƙiba tukuna," in ji shi.

"A gonata suke fa."

"Ƙasa taka ce, ban musa ba. Amma duk mai fiffike na wanda ya riga kafa kara ne, ko a ƙarƙashin gadonka ya sauka. Ba ni na ƙago ba, haka muka tarar."

"Kai da na ɗauka a wuya ranar da na zo neman yayarka, majina har haɓa."

"Na kuma yi maka fitsari a riga, Yaya ta ba ni labari. Ka ga tun ranar ka san halina, ka aura."

Nao Leng ya gode da ruwan da aka ba shi, ya gai da yara, ya tafi. A hanya ne ya daki kututturen ayaba da ƙafa.

Tunda an hana shi gidansu, sai ya tare su a nasa. Ya sassaƙa faffaɗan gora kamar muciya, ya ja kujera ya zauna gaban amyar mahaifinsa daga yayewar hazo har faɗuwar rana. Rina ta zo ta tsaya a iska tana jiran ƙudan zuma ya dawo da kaya, sai ka ji fau. Duk wadda ta faɗo ya soke ta a zare, da yamma ya je ya rataye jerin a dangar Kia Tong. Kia Tong ya kwashe ya zuba a giyar masara, ya aiko da godiya, wai tun da ya fara sha ciwon bayansa ya yi sauƙi, a ƙaro in da hali. Ran nan Nao Leng ko tuwon masarar bai iya haɗiyewa ba. Ga gida ya cika da ƙamshin sabuwar shinkafa, ga Sua tana yanka da matan dangi tana gaya musu ta auri mai gadin kututture.

Abin da ya ƙi ji shi ne gargaɗinta. Cikin duka goma, rabi a jikin amyar suke sauka. Sua ta ce masa zuma ba ta san don ƙauna ake dukan ƙofarta ba. Ya ce ta bar maza su yi yaƙi.

Wata safiya mai haske, bayan sanyin da ya fi na kullum, yana zaune da muciyarsa sai ya ji ƙarar cikin amyar ta canza. Kafin ya miƙe, ƙudan zuma sun fara bulbulowa kamar hayaƙi, suka taru a sama, suka yi kewaye ɗaya kan rufin, suka nufi ƙasan gari. Jikokin zumar mahaifinsa sun kwashe kayansu. Ya bi su a guje da takalmi ƙafa ɗaya, yana kiransu da sunaye masu daɗi waɗanda Sua ta ce ita ba a taɓa kiranta da su ba. Ya tsallake danga, ya watsa agwagin mutane, yana rantsuwa in suka shiga daji shi ma ba zai dawo ba.

Ba su shiga daji ba. A gindin tsanin rumbun Kia Tong akwai tsohon turmi da aka kife, gefensa ya tsage. Ta tsagar nan suka shige, ɗaya bayan ɗaya, har sama ta yi tsit. Gidan ba kowa, duk suna gona.

Da farko niyyarsa ya koma ya ɗauko amya ya kwashe abinsa. Ya yi taku kaɗan ya tsaya. Ya dubi turmin, ya dubi tsanin, wanda duk ƙwayar shinkafar Kia Tong sai ta bi ta kansa kafin ta shiga rumbu. Sai ya zare kara daga danga, ya tsaga kansa, ya ƙulla ciyawa da hannun dama a tsanake, ya kafa. Ya nemi inuwa ya zauna, nesa kaɗan.

Da yamma Kia Tong ya iso da kwandon shinkafa a baya, ya yi abin da ya saba: ya jibge shi a kan turmin don ya huta kafin hawa. Sai da ya kewaye gidan a guje yana kaɗa hula, ya dawo leɓensa na sama ya kumbura da harbin zuma har ya rufe na ƙasa, sannan ya ga karan, ya ga mai karan.

"Mijin Yaya, rumbuna ne fa."

"Rumbu naka ne, ban musa ba."

Kia Tong ya juya ya shige ɗaki yana dafe da leɓe. Shinkafa ta kwana a tsakar gida, hazo ya jiƙa ta, ɓeraye suka zo gaisuwa. Matarsa ta ce in rufin da ba a saya ba tukuna ya fi masa abincin shekara, to ya je rina su dafa masa. Aka ji ta har gidan Nao Leng, inda Sua ta ce rabon da ta ga mijinta ya yi barci da murmushi tun suna amare.

Da asuba, hazo ya yi kaurin da ba ka ganin tafin hannunka, sanyi ya sandarar da rina a raminsu, Nao Leng da Kia Tong suka hau tsohuwar gona. Kia Tong da kansa ya zare karansa. Wutar kuwa Nao Leng bai bari kowa ya riƙe ba. Ya cusa goran a bakin ramin yana fifita hayaƙi, yana tuna musu da amya biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Wata ta samu hanya ta harbe shi a kunne, bai ma sani ba sai da aka gama tono ya ji hularsa ta ƙi zama. Saƙar rabi ce ta cika. Kia Tong ya dube ta kamar zai yi kuka, ya ce wannan ko rufin akurki ba za ta saya ba.

Sua ta soya 'ya'yan rinar da gishiri da barkono, ta zubo sabuwar shinkafa tana tururi. Nao Leng ya ci a hankali, ɗaya-ɗaya, yana tauna kowace fiye da yadda take buƙata. Da ya sha ruwa, Kia Tong ya tambaye shi ko yau zai kwashe zumarsa.

"Da wannan sanyin? Ai sai su mutu. Bari su yi ƙiba tukuna."

Amyar mahaifinsa dai ya ɗauko, ya shafe cikinta da kaki, ya ajiye kusa da turmin, ya ce ranar da suka ga dama sa koma. Duk tsawon sanyin nan Kia Tong kafin hazo ya yaye yake hawa rumbunsa, da sanɗa, ba tari ba atishawa. Nao Leng kuma kullum da hantsi yana can ya zo gai da zumarsa, ya tambayi surukinsa ya leɓe, cikin ladabi.

Sai da itatuwa suka yi fure aka raba ƙudan zuman da turmin, suka koma kututturen tsohon, aka mai da su bayan ɗaki. Da aka ɗebi zumar farko, Sua ta matsa sai an kai wa ƙaninta. Nao Leng ya daɗe yana jujjuya saƙar, ya zaɓi wadda kakinta ya fi zumarta yawa, ya kai masa da hannunsa.