Minti Arba'in a Dogon Daji

Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take. Ranar Talata, 15 ga Afrilu, 2025, bayan sallar La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Nu'umanu Ɗangiwa, bakaniken da garejinsa ke bakin hanyar Sakkwato a Tambuwal. Ya rasu a asibiti a Sakkwato yana da shekara hamsin da takwas, aka yi masa sutura washegari da safe a Fakku, mahaifarsa. Ni na kai shi asibitin, a motar da ya fi kowa sanin ciwonta.

Malam, warin fetur ne ya haɗa mu. Shekara uku da suka wuce na kawo maka motata 'yar Kwatano, fitilar gargaɗi a kunne, kuma duk sanda na sha mai sai ta ƙi tashi. Kafin kai, an canza mini fulogi, an canza famfon mai, wani ma ya ce a cire ƙwan fitilar kowa ya huta. Kai ba ka ɗauki sufana ba sai da ka tambaye ni yadda nake shan mai. Na ce yadda kowa ke yi a nan: idan famfon gidan mai ya tsaya a girgiza motar a ƙara, har mai ya leƙo bakin tanki, tunda hanyar Kebbe ba ta da tabbas.

"To kai kak kashe ta, Ɗan Jarida," ka ce. "Tanki numfashi shika yi, kai ko ka toshe mishi hanci."

Ka zana mini abin a ƙasa da tsinke. Tururin fetur yana bin tiyo zuwa wani gwangwani mai gawayi, ya zauna can har wani ɗan bawul ya buɗe, inji ya zuƙe shi ya ƙone. Idan aka cika tanki fiye da kima, ɗanyen mai ya jiƙa gawayin, ɓurɓushinsa ya maƙale bawul ɗin a buɗe, sai inji ya shaƙe. Ka ciro bawul ɗin ka hura da baki, iska ta wuce. Ka ce lafiyayye ba ya barin ta wuce.

Wajen neman inda tiyo ya tsage kana da dabararka: gwangwanin madara da garwashi da turaren wuta, can nesa da mota, kana tura hayaƙin ta dogon tiyo da famfon keke har ya ɓullo ta inda ɓarakar take. Direbobin tasha suna tsokanarka wai garejinka ya fi ɗakin amarya ƙamshi. Su ɗin ne kuma kake hawa babur ka bi har Kebbe idan mota ta mace musu a daji. Abu ɗaya ka ƙi yi wa kowa: toshe tiyon nan da noti, yadda wasu ke yi. Ka ce wannan ɓoye ciwo ne.

Cikin azumin bana fitilar ta sake kamawa. Ka duba, ka ce wanke bawul ɗin da ka saba yi ba zai ƙara yi ba, in sayo sabon bawul a Sakkwato. Na ce bayan Sallah. Sau biyu na je Sakkwato bayan Sallah ban saya ba. Mantuwa ce, ba ni da wani dalili da ya fi wannan.

Ranar Talatar da safe ƙanenka Shafi'u ya kira ni: kana Fakku, numfashi ya gagare ka, an ce a wuce da kai Sakkwato. Na ɗauko ku, kai da shi da maiɗakinka Kaltume. A Dogon Daji mai ya yi ƙasa, na tsaya. Don kada in sake tsayawa na ce a cika. Famfo ya tsaya, na dafa motar na girgiza, ban ko yi tunani ba. Na murɗa makulli, ta ƙi tashi.

Na yi ta murɗawa har batir ya yi sanyi. Rana ta take, Kaltume na yi maka fifita da gyalenta. Shafi'u ya tare motocin haya biyu, duk a cike. Can ka buɗe ido.

"Ka girgiza ta ko?"

Ba ka jira amsata ba, ka ci gaba:

"Buɗe bonet. Tiyon ga na bayan bawul, cire shi, toshe wanda yan nufi inji. Taka totur har ƙasa."

Kowace kalma sai ka huta. Na toshe shi da murfin birona, muka ari batir wurin wani direba, ta tashi. Na duba agogo, don aikina ya saba mini da haka: minti arba'in.

Mun isa wajen ƙarfe biyu. Bayan ka cika na tambayi likita ko da mun zo da wuri da an yi wani abu. Ya ce ba wanda zai iya cewa. Malamai sun tuna mini cewa ajali ba ya gaba ba ya baya, kuma na yi imani da haka. Amma har yau idan na tsaya gidan mai, famfo ya yi ƙarar tsayawa, tambayarka nake ji daga kujerar baya.

Ranar sadakar uku na nemi ganin Kaltume, na gaya mata komai, har da zuwana Sakkwato sau biyu. Daga bayan labule ta ce: "Malam Gazali, sanda ka tafi yankar kati a asibiti maigidana ya ce min kar in riƙe ka a rai. Shi ya yafe. Ni ban kai nan ba tukuna. Ka yi min addu'a in kai."

Ina yi, Kaltume, kuma zan jira.

Allah Ka jiƙan Nu'umanu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa wahalar numfashin da ya sha ta zama kaffara a gare shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaltume, da 'ya'yansa Rumasa'u da Mannir, da Shafi'u, da mutanen Fakku da direbobin Tambuwal. Allah Ya ba su haƙuri, ni kuma Ya yafe mini sakacina. Amin.