Labulen da Goggo Nora ta bari ba a rufe ƙasansa ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Goggo Nora. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan fito da labulenta in kakkaɓe, in duba ko asu ya taɓa shi, in sake masa kafur, in mayar cikin akwati, ban ce wa kowa komai ba. Bana ba zan iya yin shiru ba, domin an zo har ɗakina ana neman in yarda a sa masa almakashi.

Goggo Nora tsohuwa ce 'yar ƙasar Ireland, masaƙiya. Tana cikin 'yan ƙasarsu na ƙarshe da suka rage a unguwar University Heights, nan ƙasar waje da muke zaune, bayan sauran sun tashi. An tura ni gidanta aikin kula da tsofaffi lokacin da ta karye a ƙugu, muka saba, har na daina jin kamar aiki nake zuwa. Tun tana budurwa take saƙa manyan labulaye da ake ratayawa a bayan dandamali, a gidajen wasan kwaikwayo da zaurukan bikin mutanensu. Idan na yaba aikinta sai ta taɓe baki ta ce ita ce ƙarama a cikin masu hannu na ƙasarsu. Ta ba ni labarin masaƙan ulu na ƙauyukan bakin teku, da matan da suke yin leshi da allura har idonsu ya mutu, da masu kwanduna na rassan itace. Wadda ta fi ambata ita ce kakarta, mai yayyaga tsofaffin kaya ta saƙa darduma da su, ta yadda kowa a gidan zai iya nuna rigarsa a ƙasa.

Labulen ya shigo cikinmu ne ta dalilin yayata, marigayiya Yaya Hassana. Za a yi sunan jikanta na fari a gidansu da ke unguwar Soundview, bangon falon kuwa duk fenti ya ɓaɓɓare, tana jin kunyar a ɗauki hoto a gabansa. Na faɗa wa Goggo a cikin hira kawai. Sai ta sa na sauko mata da wani labule na ulu mai launin toka da shuɗi, wanda ta fara ba ta gama ba, zaruruwan tsaye suna reto a ƙasansa an naɗe su a sanda. Ta ce a kai a rufe bangon, amma da sharaɗi: a yago ƙyalle daga atamfar ankon bikin, babbar mace a gidan ta saƙa shi da hannunta a ƙasan labulen.

Goggo ta zo sunan a keken guragu, ta ci tuwo da cokali, ta nuna wa Yaya yadda ake bi da ƙyallen sama da ƙasa tsakanin zaruruwa. Yaya kuwa dariya take yi, ga lalle bai gama bushewa a hannunta ba, layin ya fito a karkace, da kumburi a tsakiya. Ni ba na iya ganin abu a karkace in zauna lafiya. Na miƙa hannu zan gyara, sai na ji ƙoshiyar saƙa a bayan hannuna, ƙwal. "Bari!" in ji Goggo. Kalmar Hausar da ta fi iyawa ke nan, a bakina ta koya, don ita nake faɗa mata kullum idan za ta tashi ba sanda. Sannan ta ƙara da Turanci cewa hannun Hassana ne, ba nawa ba, in zauna.

Daga nan labulen ya zama na kowa. Duk mai suna ko aure ko walimar saukar karatu sai ya aiko a ɗauka. Ya je gidajen 'yan Kumasi, ya je na 'yan Maraɗi, ya sha shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Flatbush a hammatata. Kowane gida ya ƙara layinsa: atamfa, shadda, leshi, har da wani ɗan yadin makaranta. Da Goggo ta ji jikinta ya yi nauyi sai ta ce in riƙe shi, kada in rufe ƙasansa. Ita ba Musulma ba ce, kuma na san iyakar abin da zan ce a kanta, na tambayi malamai ba sau ɗaya ba. Amma amana ba ta da addini biyu, abin da aka ba ka ajiya ajiya ne.

Yanzu ga abin da ya faru. Fa'iza, autar Yaya Hassana, ta buɗe kamfanin ƙawata wuraren biki. Ban ƙi ta da arziki ba, 'yata ce, kuma tana da ƙoƙari. Watannin baya ta zo ta ce za ta yi taro a wani zaure a Flatbush don karrama masu fasahar Ireland da take koyi da su a aikinta, Goggo Nora ce kan gaba, tana son aron labulen. Na ji daɗi har na yi hawaye. Na naɗe shi cikin farin zane, na yi ta ja mata kunne a kan danshi da maiƙo da hannun yara, har ta gaji ta ce, "Anti, na ji, wallahi na ji."

Ranar taron na shiga zauren na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Ko'ina balan-balan ne kore, da ganyen roba, da wasu dogayen huluna kore da aka ɗora wa masu raba abinci, wai kore shi ne launin Ireland. A bayan dandamali an rataya wata ƙatuwar leda mai sheƙi, an buga hoton labulenmu a kanta. An sa kwamfuta ta miƙar da kowane layi tsaf, an mayar da launukan fari da ruwan zinare don su dace da kujeru. Na nemi kumburin Yaya Hassana ban gan shi ba. A gefe kuma ga babban hoton wata tsohuwar Baturiya mai murmushi da farin gashi, an rubuta sunan Goggo a ƙasa. Ba ita ba ce. Ban san ko kakar wane ce aka tsinto a waya aka liƙa mata sunan mamaciya ba. Goggo ba ta da wannan murmushin, haƙoranta na gaba ma babu.

Labulen na gaske sai da na yi ta dube-dube kafin na gan shi. An shimfiɗa shi a kan teburin lemo, an jera kwalabe masu sanyi suna zufa a kansa. Ban san lokacin da na fara sauke kwalaben ƙasa ba. Mutane suna ta ɗaukar hoto a gaban leda, suna turo baki, babu wanda ya ko waiga.

Na yi zaton abin ya ƙare nan. Bayan 'yan kwanaki sai ga Fa'iza a ɗakina da sabuwar shawara. Wai labulen ya tsufa, ba ya kyau a hoto, ba mai aronsa yanzu, gara a yanka shi layi-layi, a sa kowane a gilashi a ba gidan da ya saƙa, sauran ulun kuma ta yi ƙananan kayan ado na tebur da sunan Goggo. Har ta tambayi mata a rukuninsu na waya, da yawa sun amince.

Na ce, "Fa'iza, a ledar nan taki ina layin mahaifiyarki?"

Ta ce, "Yana nan mana, Anti, gyara shi aka yi. Ai ya fi kyau haka, na da kamar an yi da ƙafa."

Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa 'yar Yaya ba ne. Na dai ce mata ba za a yanka ba. Zaren tsaye ɗaya ne ya riƙe layukan duka tun daga sama har ƙasa, idan aka datse shi kowa tsumma zai kwasa.

Kada mai karatu ya ɗauka na samu natsuwa da wannan amsa. Na yi makonni ina juya maganar. Ƙyallayen nan ba nawa ba ne, na mutane ne, wasu na iyayensu ne da suka rasu. Wata hajiya 'yar Kumasi ta tare ni a kantin nama ta ce, "Ladi, shaddar uwata ce a ciki, ke wace ce da za ki hana ni?" Akwai waɗanda suka rage gaisuwa da ni. Na yi ta tunanin ko son kai ne ya hana ni, ko ranar gobe za a tambaye ni haƙƙin wani. Abin da na iya tsayawa a kai shi ne, kowace mace da ta saƙa layinta ta san cikin na mutane take sa shi, ba wadda ta ce a ajiye mata za ta dawo ta karɓa.

Nakan tambayi kaina me Goggo za ta ce da ta ga bikin yau. Ba na jin za ta yi faɗa a kan roba, ita ma ta yi aiki da abin da ta samu. Abin da zai ɓata mata rai shi ne yadda aka mayar da masu biki baƙi a bikinsu. Kamfani ya zo ya kafa, a yi hoto, kamfani ya kwashe ya cusa a kwandon shara, gobe a kafa irinsa sak a bikin wasu. Uwar amarya ba ta taɓa komai ba sai jakarta. Sannan a hau dandamali a kira sunayen masu fasaha, a ce daga gare su aka koya, alhali abu ɗaya da suka nace a kansa, wato a ga hannun mutum a jikin aiki, shi aka fara gogewa. Wannan shi nake ƙyama, kuma ban ga alamar zai ragu ba.

Gaskiyar Fa'iza ɗaya ce: an daɗe ba a aiko aron labulen ba. Sai watan jiya wani direban tasi ɗan Maraɗi ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, matarsa ta haihu, surukarsa ta zo daga gida, kuma wani ya ba shi labarin labulen. Na ɗauka da kaina na kai Soundview, na rataya, na tsaya kusa da shi ina korar yara masu hannun miya. Da aka gama cin abinci aka yago ƙyalle daga ankon, aka ba tsohuwar. Idonta ba ya gani sosai. Ta tsallake zare biyu, ta ja da ƙarfi a gefe guda, layin ya fito ya fi na Yaya Hassana karkacewa.

Hannuna ya tashi da kansa, har ya kusa kaiwa. Sai na mayar da shi, na zauna a kansa, na ce mata, "Sannu da aiki, Inna, ya yi." Ƙasan labulen yana nan a buɗe, kuma da sauran zare a jikin sandar.