Basamudiyar Kakana

Jiya a kasuwar Aliero na ji wani ya kira motar albasa basamudiya. Haka kakana yake kiran albasar da ta fi girma a gonarsa. Ba ya sayar da ita, don iri yake ajiye ta.

Na taɓa tambayarsa ma'anar kalmar, yana murje wa albasar ƙasa da babban yatsa.

"Samudawa ƙattan mutanen dauri na, jikana. Duwatsu sunka fafe sunka yi gidaje. Yau sunansu kaɗai ya rage."

Bayan rasuwarsa damina ta ruɓar da irin, muka sayar da gonar. Ni ma kalmar kaɗai ta rage mini.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana abin da muka kasa riƙewa.